Allo a Kafaɗar Esta

Tun da Esta take a duniya ba ta taɓa ɗora ko ƙullin gishiri a kanta ba. Mutanen Minna suna ce mata Bagwariya, ita kuwa ta gyara musu da cewa Gbagyi, kuma matan Gbagyi na zamaninta a kafaɗa suke ɗaukar kaya. Doya, itace, tulun ruwa, duk a kafaɗarta suka yi tafiya daga gona zuwa gida, daga gida zuwa kasuwar Paiko, har fatar wurin ta yi tauri kamar ƙirgi. Uwarta ce ta gaya mata dalili tun tana ƙarama: kai sarki ne, aikinsa tunani, ba a mayar da shi jaki. Esta ta riƙe wannan magana da hannu biyu, ta yi ta lallaɓa sarkin nan shekara da shekaru. Sai da furfura ta cika shi sannan ta lura babu wanda ya taɓa ba shi aikin yi, don ranar da aka zo ɗibar yara makaranta, cikin rumbun dawa ubanta ya ɓoye ta.

Yanzu tana zaune a Gidan Iyaye, can bayan unguwar Kpakungu, inda ake ajiye tsofaffin mata marasa mai riƙo. Wasu sun rasa 'ya'ya, wasu kuma 'ya'yan ne suka rasa haƙuri. Esta tana cikin na farko. Ɗanta ɗaya tak, Josiah, direban bas tsakanin Paiko da Minna, haɗarin mota ya ɗauke shi. Matarsa ta koma garinsu, mutanen coci suka haɗa wa Esta kayanta suka kawo ta nan.

Abin da ya sa ta cikin karatu kuwa, wani abin kunya ne da ya same ta a bikin Ista na bara. Ta je Paiko duba kabarin ɗanta. Kaburburan bayan cocin duk kama ɗaya ne, siminti a shafe, suna a rubuce da ƙusa tun simintin yana ɗanye, ga shi an ƙara sababbi tun zuwanta na ƙarshe. Ta nufi wanda zuciyarta ta ba ta, ta durƙusa, ta cire ciyawa, ta ba shi labarin ciwon gwiwarta da na tuwon Gidan Iyaye, ta sha kukanta ta ƙoshi. Tana share hawaye sai ga mai wa'azin cocin ya tsaya a kanta, yana jin nauyin magana.

"Mama, ai wannan na Stephen ne, mai gyaran rediyo. Na Josiah yana layi na gaba."

Stephen! Mutumin da akuyarsa ta taɓa cinye mata rogo, ya rantse ba tasa ba ce. Shi ta share wa ciyawa, shi ya kwashe hawayen ɗanta gaba ɗaya. Da ta isa kabarin gaskiyar, idonta ya bushe ƙam, babu abin da ya rage a ƙirjinta sai haushi. Ta daɗe tana kallon zanen ƙusar nan, shi ma yana kallon ta, ba wanda ya san wani. A cikin bas ɗin dawowa ta yi wa kanta rantsuwa cewa ba za ta sake tambayar ɗan wani inda ɗanta yake kwance ba.

Gadon da ke kusa da nata na Malama Sharifa ne. 'Yar unguwar Limawa ce, jikar mutanen da jirgin ƙasa ya kawo Minna, ta ƙare ƙuruciyarta tana koyarwa a firamare. Ba ta haihu ba, mijinta ya rasu, magada suka sayar da gidan. Abu ɗaya ta ce ba za a sayar da shi ba: ƙyauren ɗakin mahaifinta, wanda ya taho da shi daga kwatas ɗin reluwe, na icen maɗaci. Ta sa kafinta ya yanke rabinsa, ta shafe shi da gawayi da baƙin tsohon batir, ya zama allo. Ƙarti biyu ne suka shigo da shi Gidan Iyaye, su ma suna nishi suna tambayar ko dutse aka ɓoye a ciki.

Da Esta ta gaya mata abin da ya faru a Paiko, Malama ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ce sannu ba. Cewa ta yi, "Gobe da hantsi, bayan kicin. Wadda ta makara ta tsaya a waje."

"Ai bayan kicin ɗin ma waje ne, Malama."

"To, ta tsaya a wajen waje."

Hantsin nan ba son rai ba ne. Malama tana da hawan jinin ido, likita ya gaya mata ba yana ba ce balle a kankare, abin tafiya yake yi ba ya dawowa. Ganinta ya tsuke har ya zama sai fari a kan baƙi, manya-manya, kuma sai rana ta bugi allon sosai. Bangon bayan kicin gabas yake kallo. Daga rana ta ɗaga zuwa lokacin da inuwar tankin ruwa za ta hau allon, nan ne kaɗai Malama take ganin abin da ɗalibanta suka rubuta. Ita ma ta san kwanakin ganin nata ƙirgaggu ne, shi ya sa take kora su kamar mai gudun hadari.

Ajin ya tara mata kamar shida. Akwai Nna Ndagi, Banufiya, tsohuwar mai sayar da kifi, wadda ta ce ita ta zo ne kawai ta ga yadda za a yi da Bagwariya, amma ita ke riga kowa shimfiɗa tabarma. Malama ta ba kowane baƙi suna daga abin da suka sani. Wannan ƙugiyar Nna Ndagi ce, wancan bakin tulu, wancan macijin gona. Yatsun Esta sun saba da ƙotar fartanya, alli kuwa ba ya son ƙarfi, sai ya karye. Ta karya alli ba adadi. Malama ta yi ta faɗa da ita a kan allin, ta kuma yi faɗa da ita a kan Hausarta, don Esta mace da namiji duk "ka" take ce musu. Wannan ta gyaru da ƙyar, sai in ranta ya ɓaci take komawa gidan jiya. Amma baƙaƙen sun zauna. Kafin damina ta wuce tana gane kowanne in ya tsaya shi kaɗai, ta gaishe shi da sunansa. Haɗa su ne ya rage, su zama magana. Malama ta ce ranar Litinin za a fara haɗi.

Ranar Asabar, kwana biyu kafin Litinin ɗin, abin ya lalace.

Gidan Iyaye da sadaka yake rayuwa, kuma sadaka tana da nata tsarin. Masu kawowa da hantsi suke zuwa. A shimfiɗa tabarmi a baranda, a jera tsofaffi, kowacce ta sa zanen da ya fi kowanne koɗewa, ta ɗora hannu a cinya, ta karyar da wuya. Esta ta ɗaga waƙar godiya, tun da ita ke ba da waƙa a zumuntar mata ta coci a Paiko, sauran su amsa. A ɗauki hoto da buhunan shinkafa a gaba, a yi addu'a iri biyu, ta Musulmi da ta Kirista, a watse. Madam Susan, mai kula da gidan, ta san wannan aiki kamar yunwar cikinta. Ba muguwa ba ce. Ita ke wanke wadda ta ɓata shimfiɗa, ita ke bin ofis-ofis da takalmi ɗaya har ya cinye. Sai dai ta daɗe tana roƙo, har ta kai ba ta ganin komai sai da idon mai bayarwa.

A wannan Asabar wata Hajiya ta zo ba sanarwa, ta zagayo bayan kicin ta tarar da aji yana ci. Nna Ndagi tana ƙyaƙyata dariya, Esta ta yi fari fat da alli har goshi, Malama tana tsaye da 'yar tsumagiya tana nuna allo. Hajiya ta riƙe haɓa.

"Ikon Allah! Waɗannan ai ba mabuƙata ba ne. Har makaranta gare su."

A-kori-kurar da ta zo da ita ta juya da kayanta, aka ce gidan marayu ta nufa. Kafin azahar Madam Susan ta sa Ayuba maigadi da wani maƙwabci sun ciccibi allon sun kai sito, ta sa kwaɗo, ta jefa makullin a jaka.

"Sai bayan azumi ya kama," in ji ta. "Yanzu ne lokacin baƙi. Ku yi haƙuri, iyayena."

Suka gwada haƙurin, ya ƙi. Suka yi rubutu a ƙasa da tsinke, Malama ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa turɓaya, ba ta ga komai ba. Esta ta ɗebo gawayi ta zana bakin tulu a bangon kicin, Madam ta zo ta yi ta faɗa, ta ce fentin nan ma roƙo aka yi aka samu. Baƙin gawayi a kan fenti mai ruwan ɗorawa ma dai bai yi wa Malama amfani ba. Suka koma zaman baranda, yau waƙa, gobe waƙa. Masu kuɗin Minna duk sun tuna da lahira a lokaci ɗaya.

Esta tana lura da Malama ta gefen ido. Ta ga ranar da ta zuba ruwan shayi a gefen kofi. Ta ga ranar da ta gai da ginshiƙin baranda tana zaton Nna Ndagi ce. Malama ta mayar da abin wasa, ta ce ai ginshiƙin ya fi Nna ladabi, aka yi dariya. Esta ba ta yi ba. Tsoro ne ya kama ta, irin wanda ke kama manomi in ya ga ruwa yana shirin ɗaukewa dawa ba ta yi ido ba.

Ta sami Madam Susan a ƙofar kicin tana auna wake.

"'Yata, ki ba mu allon. Da sassafe kawai, kafin baƙi."

"Mama, da sassafe Malama ba ta gani, ke ma kin sani. Sai rana ta ɗaga, kuma lokacin ne suke zuwa."

"To idonta fa? Idon zai jira azumi?"

Madam ta ajiye mudun, ta dube ta da gajiya. "Kin ga waken nan? Shi ke nan a gidan. Allo ba ya shiga tukunya, Mama. Asabar mai zuwa Alhaji Sadiq zai zo da ƙungiyarsu ta 'yan kasuwa. Abin da suka kawo shi za mu ci har Sallah. Na rantse duk wadda ta ɓata mini taron nan, ta fara neman wani gidan." Sai kuma ta sassauta murya, ta dafa ta. "Kuma fisabilillahi, a shekarunki, me ya yi zafi? Ki bar kan nan ya huta. Ya ɗauki kaya ya gaji."

Esta ta cire hannun daga kafaɗarta a hankali. "Wannan kai bai taɓa ɗaukar kaya ba. Ga mai ɗauka nan inda kika dafa. Shi ajiye shi na yi, sabo ne fil."

Madam ta ɗauka zancen tsufa ne, ta ci gaba da auna wakenta. Esta kuwa ta koma ɗaki ta zauna a bakin gado tana juya maganar wani gidan. Ba ta da wani gidan. Ɗakinta na Paiko ya rushe tun daminar da aka kawo ta, akuyoyin mutane ke kwana a ciki. Ta san wannan sarai, ta auna shi, ta ji nauyinsa. Ta kuma auna tsayuwa a bayan coci tana jiran wani ya nuna mata ɗanta da yatsa, sai ta ji wannan ya fi nauyi.

Asabar ta zo da zafinta tun da safe. Aka share tsakar gida, aka jera kujerun roba na haya. Aka fito da tsofaffi baranda cikin koɗaɗɗun zannuwa, Nna Ndagi tana gunaguni cewa atamfarta mai kyau za ta ruɓe a akwati kafin a bar ta ta ɗaura. Malama Sharifa ta zauna kusa da Esta, ta yi shiru, abin da ba halinta ba. Motoci suka shigo. Alhaji Sadiq ya fito da babbar riga yana ta ƙamshi, mutanensa a bayansa kowa da waya a ɗage. Ayuba ya karɓi makulli ya buɗe sito, ya wangale ƙofar don a shiga da buhuna in an gama hoto. Esta ta ga ƙofar ta buɗe. Daga inda take zaune tana hango gefen allon, a jingine bayan tsofaffin katifu.

Madam Susan ta yi jawabin maraba, ta ambaci sunan Alhaji har ya gaji da jin sa, sannan ta juyo da murmushi.

"Yanzu iyayenmu za su yi muku waƙar godiya. Mama Esta, bismillah."

Esta ta dafa ƙasa ta miƙe, gwiwoyinta suka yi ƙara. Kowa ya zaci tsayuwar ɗaga murya ce. Sai ta sauka daga baranda, ta bi ta gaban kujerun baƙi, ta shige sito.

Ayuba ya bi ta da sauri. "Mama, me kike nema? Bari in ɗauko miki."

Ba ta kula shi ba. Ta ture katifun, ta cire ɗankwalinta ta naɗe shi gammo, ta ɗora a kafaɗar dama, a tsohon wurin. Ta janyo allon ya karkato, ta durƙusa, ta shigar da kafaɗarta ƙarƙashinsa.

"Mama, mu biyu muka kawo shi! Zai karya ki!"

"Kun ɗauka da hannu ne, shi ya sa. Kauce."

Ba da ƙarfi ake tashi da kaya ba, da numfashi ake tashi. Ta ja numfashin, ta riƙe, ta bar nauyin ya nemi wurin zamansa, sannan ta miƙe. Duhu ya gilma mata a ido, ƙugunta ya ce bai san zancen ba. Amma kafaɗar ta gane aikinta. Ta ɗaga hannun dama ta riƙe gefen allon ta sama, ta ɗan karkata wuya, ta fito.

Kowa a tsakar gidan ya juyo yana kallo. Tsohuwa ce 'yar firit, furfura a waje, rabin ƙyauren maɗaci a kafaɗa, tana tafiya irin ta matan da ke sauka kasuwar Paiko da doya, taku gajere-gajere, ba ta kallon kowa. Wani ya ce subhanallah. Wasu samari biyu daga cikin baƙin suka taso za su karɓa, ta yi musu tsawa ba tare da ta juya ba, suka ja da baya. Madam Susan ta sha gabanta, murmushin yana nan a fuskarta amma ya mutu.

"Mama," ta ce ƙasa-ƙasa, "kin tuna abin da na gaya miki."

"Na tuna. Ba ni hanya, kayan da nauyi."

Madam ta ba ta hanya, don ba yadda za a yi kokawa da tsohuwa a gaban wayoyi. Esta ta zagaya bayan kicin, ta durƙusa, ta zame allon ya jingina da bango a wurinsa na dā. Rana ta buge shi gaba ɗaya, baƙinsa yana sheƙi. Ta tsaya tana haki har ƙasa ta daina juyawa, sannan ta ɗaga muryar nan da aka tanada don waƙar godiya.

"Malama! Aji ya zauna!"

Nna Ndagi ce ta fara tashi. Ta naɗe tabarmarta daga ƙarƙashin mutane, ta kama hannun Malama, ta ce da baƙin su yi haƙuri, wadda ta makara a wajen waje take tsayawa. Sauran suka bi su ɗaya bayan ɗaya, mai sanda da mai dafa bango. Baranda ta rage daga buhunan da aka jera don hoto sai wata tsohuwa da ba ta ji, tana ta murmushi ita kaɗai. Baƙin ma suka biyo, don ɗan Adam ba ya barin kallo.

Esta ta kwance bakin zanenta ta fito da guntun allin da ta ɓoye tun ranar da aka kulle sito. Ta sa wa Malama a hannu, ta juya ta ta fuskanci allon. Malama ta matsa, ta miƙa hannu, ta taɓa bango. Ta laluba gefe har yatsunta suka sami icen. Ta kai fuskarta dab da shi, ta ja baya, ta karkata kai hagu, ta karkata dama. Ta daɗe a haka.

"Esta," ta ce, yadda su biyu kaɗai za su ji. "Ina jin ranar a bayana. Amma allon da bangon duk ɗaya ne."

"Ki ƙara matsawa."

"Tun shekaranjiya ya tafi. Na kasa gaya miki."

Wani abu ya tsinke a ƙirjin Esta. Ba don kanta kaɗai ba. Matar nan ta ba yaran mutane idonta shekara da shekaru, ɗan abin da ya rage mata ta ce na su Esta ne, aka sa kwaɗo aka kulle shi da katifu har ya ƙare a banza. Ta juya, ta nemo Madam Susan a cikin taron, Hausarta ta koma gidan jiya.

"Ka gani? Ka ce sai azumi. Ga shi nan, ya tafi. Ka kulle idon mutum a sito saboda shinkafa! Kullum waƙa, kullum mun gode, kullum karya wuya. Mu ba mu mutu ba, Madam. In ka kore ni, ka kore ni, a ƙarƙashin gada ma zan jingina allon nan."

Madam Susan ta dubi Malama da ke tsaye tana fuskantar allon da ba ta gani. Idonta ya kawo ruwa. Alhaji Sadiq yana tambayar na kusa da shi me ke faruwa.

"Ɗaliba." Muryar Malama ce, ta aji, wadda ba ta rawa. "Ba a surutu a ajina. Zo nan. Karɓi allin."

Esta ta karɓa.

"Na ce Litinin za a fara haɗi, an makara. Ɗora a allo." Malama ta laluba ta kama bayan hannun Esta, ta rufe shi da nata. "Ke ki rubuta, ke ki gani. In kin karkace zan ji. Kada ki danne, ba fartanya ba ce. Ƙugiyar Nna."

Allin ya sauko, ya lanƙwasa. Hannun Malama yana bin na Esta.

"Daidai. Bakin tulu, kusa da ita, kada ki ba su tazara, 'yan gida ɗaya ne. Rufe bakin. Yauwa. Macijin gona. A'a, kin juya masa kai, goge. Sake."

Ta goge da tafin hannu ta sake. Malama ta ci gaba da kira, tana yi, har baƙaƙe suka jeru fari tas daga wannan gefe zuwa wancan, suna gangarowa ƙasa kaɗan. Esta ta san kowannensu. Ba ta taɓa ganin su a tsaye tare ba, ko kuma ta taɓa gani ba ta sani ba.

"To, kada ki gaishe su ɗai-ɗai. Na farko ya kama hannun na biyu. Faɗi."

Esta ta buɗe baki. Sai inuwa ta faɗo a kan allon. Wani ne daga cikin mutanen Alhaji, ya zagayo ya tsaya tsakaninsu da rana, ya ɗaga waya yana neman wurin da hoton zai fi kyau.

"Mama, ɗan juyo nan. Ki yi murmushi, ki nuna allon da hannu."

Esta ta dube shi daga hula har takalmi.

"Ɗana, matsa gefe. Ka tare mana haske."

Ya matsa. Rana ta koma kan allon. Ta sa yatsa a ƙarƙashin ƙugiyar, ta ja shi zuwa bakin tulu, leɓɓanta suna motsi. Na farko ya kama na biyu. Na uku ya kama na huɗu. Sai ta ji abin da bakinta yake shirin faɗa tun kafin ya gama, ta tsaya cak. Zanen ƙusar nan ne, wanda ya kalle ta a bayan coci ta kalle shi.

"Josiah," ta ce.

"Ban ji ba. Na baya ma ɗalibai ne."

"Josiah!"

Ta kira shi yadda take kiran sa daga bakin gona in abinci ya nuna. Hawayen da suka ƙi zuwa a Paiko suka zo yanzu, ba ta share ba, don hannunta ɗaya yana kan sunan, ɗayan yana cikin na Malama.

"Aji, ku maimaita," in ji Malama.

Suka maimaita, Nna Ndagi ta fi kowa ƙarfi. A bayansu aka ji ana buɗe ƙofofin mota, ana rufewa, Madam Susan tana magana da Alhaji, Ayuba yana tambayar ko a sauke sauran buhunan ko a bari. Babu wadda ta waiwaya ta ga yadda aka ƙare. Inuwar tanki ta fara taɓa gindin allon, kuma Malama ta riga ta ce a goge a sake.